Harbin, Birnin Da Ake Girbin Ƙanƙara

Kowane mutumin Yankwashi ya san hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu iska tana busowa daga arewa da hazo, leɓe ya tsattsage, diddige ya yi faso, tsofaffi su kewaye wuta da sassafe, yara kuwa sai an yi da gaske kafin su yarda da wanka. In ka ɗauki ma'aunin zafi ka auna da asuba a Karkarna ko Roni ko Babura a irin waɗannan kwanaki, za ka sami digiri 12 ko 13, wani lokaci ya sauka ƙasa da 10. A wurinmu wannan shi ne ɗari mai sa a fasa zuwa kasuwa.

A bisa wannan ma'auni ruwa yana tafasa a digiri 100, yana daskarewa a sifiri. Babban firjin da masu sayar da ƙanƙara suke aiki da shi a Kazaure, sanyinsa yakan kai wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. To, ya mai karatu, akwai wani birni a duniyan nan wanda dukan watan Janairu haka sanyinsa yake, kamar cikin firjin nan, da dare ma ya fi haka, gama yakan sauka zuwa 24, wani dare har 30. Mutanen birnin da na karkarar da ke ƙarƙashinsa sun kai miliyan 10 bisa ga ƙidayar 2020. Abin mamakin kuwa shi ne, a daidai wannan lokaci ne baƙi suke tururuwa zuwa can da kuɗinsu, don su ga sanyin da idonsu. Sunan birnin Harbin.

Harbin yana can arewa maso gabashin ƙasar Sin, shi ne babban birnin lardin Heilongjiang wanda ya yi iyaka da Rasha. Iskar da ke hura masa sanyi daga Saiberiya take fitowa, busasshiya ce kamar tamu ta hunturu, sai dai maimakon ƙura, sanyi take ɗauke da shi. A watan Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wani babban kogi mai suna Songhua ya ratsa ta gefen birnin. Daga Nuwamba kogin yakan fara daskarewa, ba ya sakewa sosai sai wajen Afrilu. A tsakiyar sanyi mutane suna tafiya a kansa da ƙafa, har da motoci.

Kafin mu ci gaba, sai mu rarrabe abu biyu da Hausa ta haɗa su da suna ɗaya. Akwai ƙanƙara, watau ruwan da ya daskare ya zama kamar dutse, irin wadda takan zubo mana da damina ta ɓata ganyen dawa. Akwai kuma dusar ƙanƙara, wadda take saukowa daga sama fara fat, mara nauyi kamar audugar rimi, wadda yawancinmu a jikin katin Kirsimati kaɗai muka san ta. Harbin yana da duka biyu, amma da ta farin ya yi suna.

Garin da reluwe ta haifa

Harbin ba tsohon birni ba ne. Kano da Katsina sun girme shi da ɗaruruwan shekaru. Ƙauyuka ne kawai a bakin kogi har shekarar 1898, sa'ad da Rashawa suka zo gina hanyar jirgin ƙasa wadda za ta ratsa ƙasar Sin ta kai su Baladibostok a bakin teku. Inda hanyar ta haye kogin Songhua, nan suka kafa zango, zango ya zama gari, kamar dai yadda reluwe ta raya Kaduna da Kafanchan a ƙasarmu. Bayan juyin mulkin Rasha na 1917, dubban Rashawa suka gudo suka zauna a nan, tare da Yahudawa da mutanen Folan da sauran kabilu.

Yawancinsu sun watse bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma sun bar gine-ginensu. Babban titin garin, wanda tsawonsa ya kai mita 1,450, har yanzu yana shimfiɗe da duwatsun da aka jera tun 1924. Kusa da shi akwai Majami'ar Sofiya ta ɗarikar Otodoks, mai jan bulo da koriyar hasumiya wadda ta yi kama da albasa. Da katako aka fara gina ta a 1907, aka sāke ginin da bulo aka gama a 1932, tsayinta mita 53. Kusan kowane baƙo yakan tsaya a gabanta a ɗauke shi hoto. Sai dai ba a yin sujada a ciki. An rufe ta shekaru da yawa, har ta zama ɗakin ajiyar kaya, daga baya aka gyara ta a 1997 ta zama gidan tarihi. 'Yar'uwarta, Majami'ar Nikolas, ba ta sami wannan sa'a ba, gama matasan Juyin Al'adu sun rushe ta a 1966. Mai neman inda zai yi sujada ran Lahadi sai ya nufi unguwar Nangang, inda majami'un Otodoks da Katolika da Furotesta suke a kan titi ɗaya.

Daga bokiti aka fara

Asalin abin duka fitila ce ta talaka. Masunta da manoman wannan yanki, in za su fita da dare lokacin sanyi, iska takan kashe musu kyandir. Sai su cika bokiti da ruwa su ajiye a waje. Ruwan da ke jikin bokitin shi yake fara daskarewa, na tsakiya yana nan ruwa. Sai su ɗumama bokitin kaɗan su zare ƙanƙarar, su huda samanta, su zubar da ruwan ciki, su sa kyandir. Ga fitila mai gilashi, ba a kashe ko kwabo ba.

A 1963 hukumar birnin ta shirya nunin irin waɗannan fitilu a lambun Zhaolin, don mutane su sami dalilin fitowa daga ɗaka. Jama'a suka fito ƙwarai. Juyin Al'adu ya tsai da abin na wasu shekaru, sa'an nan aka komo da shi. Ran 5 ga Janairu 1985 aka mai da shi babban biki na shekara shekara, har wa yau kuwa a wannan rana ake buɗe shi. A ƙarshen 1999 aka ƙara wani fili a hayin kogi wanda ake kira Duniyar Ƙanƙara, shi ne yanzu zuciyar bikin. Ba Harbin kaɗai ke irin wannan ba. Birnin Sapporo na Japan ya fara nasa a 1950 da siffofi shida da 'yan makaranta suka gina da dusar ƙanƙara, Kwibek ta Kanada ma tana da nata. Amma wajen girma babu na biyun Harbin.

Masu yanka

Nan ne labarin ya matso kusa da gida. Lardin Heilongjiang ƙasar noma ce, baƙar ƙasa mai albarka, ba lardin da ya fi shi yawan hatsi a Sin duka. Masara da waken soya da shinkafa suke nomawa. Amma damina ɗaya suke da ita kamar mu. In an gama girbi a Oktoba, ƙasa ta daskare ta yi tauri kamar siminti, ba garmar da za ta shige ta sai bayan wata shida. Mu rani ne yake korarmu daga gona, su kuwa sanyi. Allah ɗaya, gari bambam. Manomin Gwiwa in ya ɗaure dawarsa ya zuba a rumbu, sai ya ɗauki jaka ya nufi Kano ko Legas cin rani. Manomin bakin Songhua kuwa sai ya ɗauki ƙugiya da sandar ƙarfe ya hau kan kogi. Yawancin masu yankan ƙanƙarar Harbin manoma ne da masunta daga ƙauyukan kewaye.

Aikin yakan fara a farkon Disamba, bayan an auna an ga kaurin ƙanƙarar ya wuce santimita 30, watau ƙafa guda. Har buki ake yi ranar fari, a ɗaura wa tubalin farko jan ƙyalle. Tun ƙarfe uku ko huɗu na dare suke fitowa. Da fari sai a ja layi a kan kogin, tsaye da kwance, kamar mai shata kunya a gona. Sai a bi layin da injin zarto, amma ba a yankewa har ƙasa, don kada ruwa ya ɓullo ya sāke daskarewa ya manne wurin. Daga nan mutane su jeru da sandunan ƙarfe masu tsini, su riƙa sara tare da murya ɗaya har wani dogon yanki ya balle ya hau iyo. A jawo shi bakin ramin, a farfasa shi tubali tubali, a sa ƙugiya da igiya a fizgo kowane ɗaya waje. Tsawon tubali guda mita 1.6 ne, nauyinsa daga kilo 400 zuwa 700 bisa ga kaurinsa, watau buhun masara huɗu zuwa bakwai. Injin ɗaukar kaya ya ɗora a mota, mota ta kai fili.

Ka tuna fa, mutumin nan yana tsaye ne a kan abu mai santsi, a bakin baƙin ruwa mai gudu a ƙarƙashi, cikin duhu. Ruwan da ya fallatso masa a wando nan take yake daskarewa. Wanda ya zame ya faɗa, in ba a fizgo shi da sauri ba, 'yan mintoci kaɗan sun isa hannuwansa su kāsa riƙe igiya. Haka za su yi ta yi har faɗuwar rana, kwana wajen ashirin a jere, a kan kogin suke cin abincin rana.

Me ya sa ba za a daskarar da ruwan famfo a huta ba? Domin ruwa mai gudu yakan daskare a hankali, kumfa ba ta maƙalewa a ciki, sai ƙanƙarar ta fito garau kamar gilashi, ga kuma ƙarfi. Haske yana ratsa ta sarai. Ta kogi ce kaɗai ake samu da wannan kyau da wannan yawa.

A filin kuwa magina suna jira, mutum wajen 10,000, dare da rana. Ginin kamar na bulo ne. A fere tubali ya daidaita, a ɗora a kan ɗan'uwansa, sai a tsiyaya ruwa a tsakani. Ruwan nan shi ne siminti, gama kafin ka juya ya kama. Ana sassaƙa 'yar hanya a cikin tubalan a zura fitilun lantarki masu launi, irin waɗanda ba su yin zafi. Bayan magina sai masassaƙa su bi da kurfi da zarto su fitar da ado. Cikin mako biyu zuwa uku sai ga gari ya tsaya a inda dā fili ne fetal.

Abin da ido zai gani

Da rana wurin fari ne kawai, da ɗan shuɗi shuɗi. Gwanin ziyara yakan shiga wajen ƙarfe uku, ya zaga da sauran haske, ya jira a kunna wuta. Da rana ta faɗi sai dukan garin ya kama, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, hasken yana fitowa daga cikin bangon kansa. Ga hasumiya mai tsayin bene goma ko fi, ga fādodi, ga gadoji da matakala da za ka hau da ƙafarka, ga kwaikwayon shahararrun gine-ginen duniya. Kowace shekara sabon fasali ake yi. A sanyin 2023 zuwa 2024 faɗin filin ya kai murabba'in mita 810,000, aka yi aiki da ƙanƙara da dusarta mita 250,000 na cikin akwati, har littafin Guinness ya shaida ba irinsa a duniya. Shekarar da ta biyo aka faɗaɗa shi zuwa murabba'in mita miliyan ɗaya, watau hekta 100. Manomi ya san abin da ake nufi da gona mai hekta 100.

Abin da yara da manya suka fi rububi shi ne zamiya. An gina wata doguwar gangara ta ƙanƙara mai mita 521, fiye da rabin kilomita. Mutum ya zauna a kan ɗan faranti a sake shi, kafin minti ɗaya ko biyu ya kai ƙasa. Akan yi awoyi a layi cikin sanyin nan saboda wannan minti. A ganina wannan ciniki ne da sai mai ƙuruciya.

Kusa da nan akwai Tsibirin Rana, inda ake sassaƙa dusar ƙanƙara. Ita ba a yanko ta daga kogi. Inji ne yake feso ta, a zuba cikin manyan akwatunan katako a tattake har ta yi tauri, a cire katakon, masassaƙa su hau da tsani. Wannan da rana ya fi kyan gani. A kan kogin kuma akwai wani rami da aka fasa, inda waɗansu mutane, yawancinsu dattawa maza da mata, suke tuɓewa su yi tsalle cikin ruwan su yi iyo. Sun ce yana ƙara musu lafiya. Shekaru suka yi suna sabawa, kada baƙo ya gwada.

Ina ribar take?

Kada a ɗauka wasa ne kawai. Wannan yanki dā shi ne cibiyar manyan masana'antun Sin, amma da yawa sun durƙushe, samari suka yi ta ƙaura zuwa kudu neman aiki. Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020 mutanen lardin sun ragu daga miliyan 38 zuwa ƙasa da miliyan 32. Duk wanda ya ga ƙauyukanmu a watan Maris, ba kowa sai mata da tsofaffi da yara, ya san ma'anar wannan. Saboda haka bikin ƙanƙara abinci ne. A hutun sabuwar shekara ta 2024, cikin kwana uku kaɗai, baƙi fiye da miliyan 3 suka shiga Harbin, hukuma ta ce sun kashe kusan yuan biliyan 6. Mai masauki ya samu, direba ya samu, mai gasa dankali a bakin titi ya samu. A Fabrairu 2025 kuma birnin ya karɓi wasannin sanyi na nahiyar Asiya, karo na biyu bayan na 1996.

Amma rabon bai zama daidai ba. Masu yanka bisa ga yawan tubali ake biyansu, ladan tubali ɗaya kuwa bai kai yuan 3 ba, shi ma raba shi 'yan ƙungiya suke yi. Tikitin shiga na babban mutum a 2024 yuan 328 ne. Ashe sai ƙungiya ta fizgo tubali fiye da ɗari daga kogi kafin ta tara kuɗin shigar mutum guda. Duk da haka suna dawowa kowace shekara, gama a cikin mako ukun nan mutum yakan sami abin da zai riƙe gida lokacin da gona ba ta ba da kome. Abu ɗaya kuma da suka fi ɗan cin raninmu da shi, aikin a ƙofar gida yake. Ba wanda ya bar matarsa da 'ya'yansa wata biyar.

Wata damuwa kuma ta taso. A Disamba 2024 masu yankan sun koka cewa sanyi ya makara, ƙanƙarar ba ta yi kaurin da suka saba gani ba. A Fabrairu 2024 ma sai da aka rufe Duniyar Ƙanƙara tun tsakiyar wata, domin ɗumi ya fara lasar gine-ginen, ana tsoron kada su faɗo a kan mutane. Yadda manominmu yake duban gabas yana jiran hadari, haka su ma suke duban kogi.

In tafiya ta kama

Yanzu 'ya'yanmu suna karatu a Sin, 'yan kasuwarmu kuma suna zuwa Guangzhou sarin kaya. Wani zai yi sha'awar ƙarasawa. To, a sani Guangzhou a Janairu sanyinta kamar na hunturunmu ne, ba a auna Harbin da ita. Daga can awa huɗu ne da wani abu a jirgin sama. Daga Beijing kuwa wajen awa biyar ne a jirgin ƙasa mai sauri.

Rigar sanyin da ka saya a gwanjo a kasuwar Kazaure ba za ta yi ba. Tufafi hawa hawa ake sawa: na ciki mai kama jiki, sa'an nan na ulu, sa'an nan babbar riga mai cushe da gashin tsuntsu wadda iska ba ta ratsawa. Wando ma haka. Takalmi mai kaurin ƙasa wanda ba ya santsi, safa biyu, safar hannu, hula mai rufe kunne, da abin rufe hanci. A can za ka saye su, sun fi araha, sun kuma fi dacewa. Cikin gidaje da kantuna akwai ɗumi sosai, gama daga 20 ga Oktoba zuwa 20 ga Afrilu ana tura ruwan zafi ta bututu zuwa gidajen birnin. Shi ya sa hawa hawa ya fi, don ka iya ragewa in ka shiga ɗaki. Wanda ya yi gumi a ciki ya fita da jiƙaƙƙiyar riga, shi sanyi ya fi kamawa.

Kada ka wuce minti talatin ko arba'in a waje ba ka shiga wani wuri ka ji ɗumi ba. Yatsu da kunne da kan hanci su ne sukan fara mutuwa. Alamar ita ce wurin ya daina jin kome, fatar ta yi tauri ta kwaɗe. In haka ta faru kada a murza, kada kuma a kanga a wuta, gama fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. A tsoma cikin ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, a nemi likita. Kada a taɓa ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu, balle yaro ya sa harshe. Wayar hannu ma a ɓoye ta a aljihun ciki, don sanyi yana shanye batir nan da nan.

Gargaɗi na musamman ga gidan da ke da mai ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini. Iyaye sun riga sun san yadda hunturu kaɗai yake tayar da ciwon. Sanyin Harbin ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Mai wannan ciwo, da mai asma, da mai ciwon zuciya, kada su yi wannan tafiya sai da shawarar likita. In ana neman wa ɗalibi mai sikila makaranta a Sin, a dubi taswira tukuna a ga ko garin yana arewa ne ko kudu.

Wajen abinci ba za ka sha wuya ba. Akwai burodi irin na Rashawa, babba kamar ƙwarya, da jan tsiran alade mai hayaƙi, da miya mai zafi da ake dafawa a babbar tukunyar ƙarfe a tsakiyar tebur. Akwai wani ɗan itace da suke bari a waje ya daskare ya yi baƙi ƙirin, a jiƙa shi a ruwa ya saki, a tsotse ruwansa mai zaƙi. A babban titi kuma za ka ga mutane a layi suna sayen askirim mai sanda suna sha a cikin sanyin nan. Mai sayarwa ba ya bukatar firji, a kwali yake baza kayansa a waje kamar mai tallan ƙuli.

Zuwa ƙarshen Fabrairu sai rana ta fara ƙarfi. Kusurwoyin gine-ginen su dushe, ado ya shafe, ruwa ya fara ɗiga. A rufe ƙofa, a kwance wayoyi da fitilu, a sa injuna su ture abin da ya saura don kada ya faɗa wa wani. Cikin Maris da Afrilu duk ya narke. Amma kafin nan, tun cikin tsakiyar sanyi sa'ad da ƙanƙarar ta fi kauri, masu yanka sun riga sun koma kan kogi sun yanko wata, an jibge ta tuli guda, an lulluɓe da leda da tabarmin ciyawa da abin tare zafi, hawa a kan hawa. Haka za ta kwana dukan bazara da damina, ko da yake a watan Yuli zafin Harbin yakan kai digiri 28 ko 30. Ta gefe takan narke, ta tsakiya kuwa tana nan. Da ita magina suke fara aza harsashi a ƙarshen Nuwamba, kafin kogin ya yi kaurin da zai ɗauki mutum.